Tayoyi, Birgima, Igiya ko Ƙugiya: Wace Hanya ce Ta Dace da Saukar da Ƙaramin Katamaran Cikin Ruwa?

Ƙaramin katamaran jirgin wasa da tsere ne wanda iska ke turawa. Siraran komaye biyu ne aka haɗa da sandunan alminiyam a gicciye, aka shimfiɗa tamfol mai ƙarfi a tsakaninsu domin zaman matuƙa, sannan aka kafa doguwar sanda mai riƙe da ƙyallen kama iska. Wanda ya yaɗa irin wannan jirgi a duniya shi ne Hobie Alter na jihar Kalifoniya a Amurka, wanda ya fitar da Hobie 14 a 1968, ya biyo da Hobie 16 a farkon shekarun 1970, kuma na biyun an ƙera fiye da 100,000 daga cikinsa. Tsawon Hobie 16 ya ɗan haura mita 5, faɗinsa kimanin mita 2.4, nauyinsa kusan kilo 145, sandarsa kuma tana kai mita 8. Daga waɗannan alƙaluma wahalar take tasowa, domin jirgin ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗauka, ya fi faɗin yawancin ƙananan hanyoyin da ke gangarawa bakin ruwa, kuma bai kai girman da za a riƙa biya masa kuɗin tasha da ma'aikata kamar manyan jirage ba.

An tsara shi ne domin gaɓa mai laushin yashi irin ta Kalifoniya, inda samari biyu za su ja shi 'yan taku kaɗan su tsinci kansu cikin teku. Amma jirgin ya bazu zuwa wuraren da ba haka suke ba: gaɓar tsakuwa ta kudancin Ingila, gaɓar arewacin Faransa inda teku ke janyewa ta bar fili mai nisan gaske, tafkunan da aka kewaye da bangon siminti, da madatsun ruwa masu laka. Har a Legas, Hobie 16 yana cikin jiragen da ake tsere da su a kulob ɗin masu jiragen iska da aka kafa tun 1932. Kowane wuri ya tilasta wa mutanensa ƙirƙiro dabara, kuma waɗannan dabaru ne ya kamata mai niyyar sayen jirgi ya auna tun kafin ya biya kuɗi. Ma'aunin da nake ganin ya fi kowane muhimmanci shi ne dawowa. Saukar da jirgi gangare ne, da safe ake yi, jiki da ƙarfi, mutane kuma suna nan. Fitar da shi hawa ne, da yamma, bayan an gaji, wataƙila ruwa ya shiga komayen ya ƙara musu nauyi, abokan da suka taimaka da safe kuma sun watse. Duk hanyar da ba ta iya dawo da jirgin da hannun mutanen da suka saba ragewa da yamma, ba ta cancanci a dogara da ita ba.

Hanyar da aka saba da ita, wadda za a gwada sauran da ita, ita ce bututu guda mai tayoyi biyu wanda ake zurawa ƙarƙashin komayen, kamar irin wanda ake sayarwa da sunan Cat Trax a Amurka. Sirrin amfani da shi shi ne a ajiye shi daidai inda nauyin jirgin ya rabu biyu, wato ɗan bayan gindin sanda, ta yadda wanda ya riƙe goshin jirgin ba zai ji nauyi a hannunsa ba sai dai turi. A kan yashi mai laushi siririyar taya nutsewa take yi, shi ya sa ake amfani da tayoyi masu faɗi da ƙarancin iska. Irin na Wheeleez iskar da ake sa musu ba ta wuce awo 2 zuwa 4 ba, alhali tayar mota tana ɗaukar kusan awo 30. Inda ƙasa take shimfiɗe ko gangaren bai yi tsanani ba, babu abin da ya kai wannan hanya sauƙi, kuma ina ganin ɓata lokaci ne mutum ya nemi wata dabara a irin wannan wuri. Rauninta uku ne: tana da tsada, tana maƙalewa a laka, kuma idan jirgin ya hau ruwa sai wani ya mayar da tayoyin tudu alhali wani yana tsaye cikin ruwa riƙe da jirgin, abin da ke wahalar da mai tuƙi shi kaɗai.

Ɗauka da hannu ita ce dabarar da ba ta cin ko sisi. Hannu da yawa maganin ƙazamar miya: mutum huɗu a kusurwa huɗu kowanne zai ɗauki kimanin kilo 36 na Hobie 16, mutum shida kuwa kilo 24. Tana aiki a ranar gasa, tana aiki a makarantun koyon tuƙi, kuma ita kaɗai ce ke haye matakala ko manyan duwatsu. Amma katamaran na tsere na ajin Formula 18, wanda dokar ajin ta sa nauyinsa kada ya gaza kilo 180, ya fara fin ƙarfin mutum huɗu a kan ƙasa mai santsi, kuma wanda zai jira mutum biyar duk lokacin da yake son fita, fitarsa za ta yi ƙaranci ƙwarai.

Ja a kan yashi ba tare da komai a ƙasa ba ya danganta ne da irin jirgin. Hobie 16 ba shi da allunan da ake zurawa ƙasa domin hana zamewa gefe, siffar komayensa ce ke yin wannan aiki, haka ma Dart 18 na Ingila wanda Rodney March ya tsara a tsakiyar shekarun 1970. Saboda haka duka biyun suna jure hawa kan yashi. Duk da haka yashi yana cin ƙasan komin faiba a hankali, har fentin waje ya ƙare zaren ciki ya bayyana, kuma masu tsofaffin Hobie sun san aikin sake lailaye ƙasan komi da sabon faiba. Jiragen roba mai kauri irin su Hobie Wave da Getaway da Dart 16 sun fi jure ja, sai dai sun fi nauyi idan aka kwatanta da girmansu, kuma idan robar ta huje gyaranta ya fi na faiba wuya. Jiragen tsere masu sirarin fata da allunan ƙasa, irin su Nacra 17 da ke gasar Olamfik tun 2016, bai kamata ma su taɓa yashi ba.

Daga nan sai birgima, wadda tsohuwar dabara ce ƙwarai, kuma duk wanda ya tsaya a bakin tekun Jamestown a Ankara ko a wasu garuruwan masunta na gaɓar Ghana ya ga yadda ake hawar da manyan kwale-kwale a kan katakai da gungume ko bututun ƙarfe, ana ɗauko na baya ana kaiwa gaba. Ga katamaran akwai hanya biyu da ake yawan cuɗanya su, alhali sun bambanta. Ta farko ita ce a shimfiɗa bututun roba, irin na masu aikin famfo mai kauri, a gicciye kan yashi da tazarar kamar mita ɗaya da rabi, a ɗan binne su, jirgin ya riƙa zamewa a kansu. A nan bututun ba ya juyawa, santsinsa ake amfana da shi, kuma idan aka watsa masa ruwa jirgin yakan tafi da turin mutum ɗaya. Ta biyu ita ce a bar bututun ya mirgina a ƙarƙashin jirgin, kuma wannan ba ta yiwuwa sai a ƙasa mai tauri ko a kan katakai biyu da aka shimfiɗa kamar layin dogo, domin a yashi mai laushi bututun nutsewa zai yi. Kuɗin wannan dabara kaɗan ne, kayanta kuma ana samunsu a kowace kasuwar kayan gini. Haɗarinta shi ne taruwar nauyi a wuri ɗaya. Komin katamaran yana da ƙarfi a layin ƙasansa, amma gefunansa faiba ne siriri da aka lulluɓe wani abu mai kama da soso da shi, kuma idan jirgin ya karkace nauyinsa ya sauka a kan bututu mai tauri ta gefe, fatar takan rabu da soson ciki ta bar wuri mai taushi wanda ido ba ya gani sai an danna. Saboda wannan ne ba na goyon bayan bututun ƙarfe ko kaɗan ga jirgin faiba.

Abin da ya gyara wannan rauni shi ne birgimar iska, wato dogayen buhunan roba da ake hurawa, ko kuma manyan matasan roba da ake ratayawa a gefen jirage domin kare su daga bango. Suna raba nauyi a fili mai faɗi, ba sa nutsewa sosai a yashi, suna haye tsakuwa da ƙananan duwatsu, kuma idan aka sace iskarsu ana naɗe su a ɗaure a kan tamfol a tafi da su. Wannan siffa ta ƙarshe ita ce ta sa na fifita su ga mai yawo, wanda zai kwana a wani tsibiri ko wata gaɓar da bai sani ba, domin tayoyi ba sa bin jirgi cikin teku. Sai dai katamaran komi biyu gare shi, don haka ko dai a sami buhun da ya kai faɗin jirgin, ko a sa biyu-biyu, aƙalla guda huɗu, kuma dole a riƙa daidaita su domin kada ɓangare ɗaya ya riga ɗaya. Aikin yana da jinkiri. A tazarar mita 20 abin jin daɗi ne, a tazarar mita 200 kuwa azaba ce, kuma fasasshiyar kwalba ko kaifin ɓawon kawa yana iya kawo ƙarshen buhu nan take.

Inda gangare ya yi tsanani, lissafi ne ke yanke hukunci. Jirgi da kayansa mai nauyin kilo 160 a kan gangaren da ke hawa mita 1 cikin kowace mita 5 yana ja baya da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 30, ban da gogayyar ƙasa. Idan gangaren ya zama mita 1 cikin 3, ƙarfin ya kai kusan kilo 50. Mutum biyu ba za su riƙe wannan na dogon lokaci a kan tsakuwar da ke zamewa ƙarƙashin ƙafa ba, kuma jirgin da ya kuɓuce a kan tayoyi ba ya tsayawa sai ya bugi wani abu. Maganin shi ne igiya da injin naɗe ta, na hannu ko na batir, ɗaure a jikin turke mai ƙarfi a saman gangaren. Masunta na garin Hastings a Ingila, waɗanda ba su da tashar da jiragensu ke fakewa, sun daɗe suna fitar da jirage masu nauyin tan da yawa kan tsakuwa da injin naɗe igiya da katakan da ake shimfiɗawa a ƙarƙashinsu, kuma ƙaramin katamaran ba ya bukatar ko kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙarfi. Wanda ba shi da inji yana iya amfani da igiyar da ke jan babban ƙyallen jirgin, wadda dama tana ratsa gare-gare da yawa domin ninka ƙarfi, sai dai idan ta ninka ƙarfi sau huɗu dole a ja mita huɗu kafin jirgi ya matsa mita ɗaya. Abin kiyayewa shi ne wurin ɗauri. A ɗaura igiyar a kusurwoyi biyu na sandar gicciye ta gaba, kusa da komayen, ta yadda jan zai rabu daidai. Ɗaura ta a tsakiyar sandar ko a ƙananan ƙarafan goshi yana iya lanƙwasa abin da ba a yi shi domin wannan aiki ba.

Ga mai fili nasa na dindindin a bakin tafki, haɗa wannan igiya da layi biyu na katako ko bututu, tare da amalanke mai ɗauke da jirgin, shi ne a ganina mafi kyawun tsari. Mutum ɗaya, ko dattijo ne, zai saukar ya kuma hawar. Sharaɗinsa shi ne ruwan ya kasance mai tsayawa kusa da wuri ɗaya. A madatsar ruwa da ke cika da damina ta janye da rani, layin da ya isa ruwa a watan Satumba yana iya ƙarewa a kan busasshiyar laka a watan Afrilu, kuma a bakin teku mai manyan igiyoyin ruwa yashi zai binne shi ko ruwa ya tumɓuke shi.

Nisa kuwa matsala ce ta daban. A yankin Saint-Malo da Mont-Saint-Michel na Faransa, bambancin cikar teku da janyewarta yakan haura mita 12 a manyan ranaku, kuma jirgin da aka saukar a bakin ruwa da safe zai dawo ya tarar da fili mai tsawo tsakaninsa da ma'ajiyarsa. A irin waɗannan wurare, da kuma gaɓar Holan inda ake gasar zagaye tsibirin Texel tun 1978, tarakta ce ke jan jirage a kan tayoyinsu. Dabara ce ta ƙungiya, domin ruwan gishiri yana cinye ƙarfe da birki da wayoyi, kuma sai an riƙa wanke injin da ruwan daɗi bayan kowane aiki. Babur mai taya huɗu yana yin irin wannan aiki a ƙaramin mataki. Shiga da motar gida kan jiƙaƙƙen yashi kuwa ba na ba kowa shawararsa, saboda mota tana nutsewa a hankali yayin da ruwa ke lasar ƙarƙashin tayoyinta, teku kuma ba ta jiran a samo mai ja. Ko a gangaren siminti na jama'a, faɗi yana iya zama cikas: dokar hanya a Turai ta tsayar da faɗin tirela a mita 2.55, shi ya sa katamaran na tsere mai suna Tornado, wanda faɗinsa ya kai mita 3, sai an kwance shi ko an ɗora shi a karkace a kan tirela, kuma haɗa shi a bakin gangare yana tsare wa sauran mutane hanya.

Inda babu gaɓa sam, sai bango a tsaye da ruwa mai zurfi a ƙasa, ƙugiyar ɗaga kaya ce ta rage. Nauyin jirgin ba komai ba ne gare ta. Wahalar tana wajen daidaito da iska. Ana ɗaure madauri huɗu a kusurwoyin sandunan gicciye, a haɗa su a zobe ɗaya daidai saman tsakiyar nauyi, a tabbatar zoben da hannun ƙugiyar ba za su bugi sanda ko wayoyin da ke riƙe da ita ba. Ba a ɗaga ƙyalle sai jirgin ya sauka, ana kuma riƙe goshi da baya da igiya biyu domin tamfol ɗin kansa yana kama iska ya juya jirgin, kuma babu wanda zai tsaya a ƙarƙashi. Bayan an sauka akwai sabon aiki, wato ɗaga ƙyalle a jikin bango alhali ba kullum goshin jirgin ke fuskantar iska ba, sannan a fice daga matsattsen wuri da jirgin da aka sani da nawa wajen juyawa. Hanya ce mai kyau ga kulob mai ƙugiyar da ake dubawa da mutanen da suka iya, amma ƙugiyar da mutum ya haɗa da kansa a gefen bango ba tare da an auna tushenta ba ganganci ce. A ruwa mai natsuwa, dandamali mai iyo da aka haɗa da tubalan roba ya fi ta sauƙi: yana zaune ƙasa-ƙasa da ruwa, ana zamo da jirgin daga kansa, ana kuma jawo shi ya bushe. Yana bin hawa da saukar ruwa, abin da layin katako ba ya yi, sai dai yana da tsada kuma yakan bukaci izinin hukumar da ke kula da ruwan.

Wasu sukan ce a huta da duk wannan, a bar jirgin ɗaure cikin ruwa. Wannan ita ce dabarar da na fi ƙi. Ba a yi waɗannan komaye domin zama cikin ruwa wata da watanni ba. Gansakuka da ƙananan halittu masu ɓawo suna manne musu, fentin yakan yi ƙuraje, motsin dare da rana yana cin wayoyin da ke riƙe da sanda, kuma guguwa ɗaya tana iya kifar da jirgi marar nauyi.

Akwai kuma abin da tayoyi ko birgima ba sa warwarewa, wato igiyoyin ruwa masu fashewa a gaɓa. Masu gasar katamaran ta Worrell 1000, wadda ke bin gaɓar gabashin Amurka daga Florida zuwa Virginia Beach, kowace safiya daga kan yashi suke tashi su ratsa irin waɗannan igiyoyi, kuma a nan ne ake yawan karya allunan juya akala, domin a ruwa marar zurfi ba a iya sauke su gaba ɗaya, jirgin da igiyar ruwa ta tura baya kuma a kansu yake faɗawa. Ƙa'idar ita ce a fuskanci igiyar ruwa da goshi, a jira lafawar da ke zuwa bayan jerin manya, a fita da gudu. Idan iska daga teku take busowa kai tsaye, akwai tsohuwar dabarar da masu jiragen ceto na gabashin Ingila suka yi amfani da ita: a kafa anka a bayan wurin fashewar igiyoyin ruwa, a miƙo igiya zuwa gaɓa, matuƙa su riƙa jan kansu da hannu har su kai ruwa mai zurfi. Tana aiki ƙwarai ga wanda ke fita daga wuri ɗaya kullum, da sharaɗin igiyar ta kasance mai nutsewa kuma an yi mata alama domin masu iyo da sauran jirage.

Haɗari ɗaya ya shafi dukkan hanyoyin nan, kuma shi ne ya fi kisa. Sandar alminiyam mai tsawon mita 8, a kan jirgin da ke bisa tayoyi ko tirela, tana kai wa wayoyin lantarki, kuma mutane sun mutu ta haka, har kamfanin Hobie ya koma yin saman sandarsa da abin da ba ya ɗaukar wuta a shekarun 1980. Kafin a zaɓi kowace hanya, a bi ta da ƙafa daga ma'ajiya zuwa ruwa ana kallon sama. A kuma duba an ɗaure toshiyar magudanar da ke bayan kowane komi kafin a shiga ruwa, sannan a buɗe ta idan an fito, domin lita 20 na ruwan da ya shiga kilo 20 ne na ƙarin nauyi a kan gangare.

Idan aka tara, mai gaɓar yashi marar tsananin gangare ya sayi tayoyi masu faɗi ya tsaya a nan. Mai tsakuwa ko gangare ya haɗa tayoyi ko bututun roba da injin naɗe igiya. Mai yawo ya ɗauki buhunan iska. Mai bango ya nemi kulob mai ƙugiya ko ya kafa dandamali mai iyo, mai nisa kuma ya shiga ƙungiyar da ke da tarakta. Laka mai zurfi ba ta da magani mai araha sai shimfiɗa katakai ko jiran cikar ruwa. Wanda kuwa hanyarsa zuwa ruwa matakala ce ko siririn lungu, ko ba shi da wurin ajiya, gara ya sauya jirgin maimakon ya wahalar da kansa: katamaran mai komayen hurawa, irin MiniCat na ƙasar Cek ko Happy Cat na kamfanin Grabner a Ostiriya, yana shiga jakunkuna a bayan mota, yawancinsu ba su kai kilo 100 ba, ana kai su bakin ruwa gunduwa-gunduwa a haɗa a can. Ba su kai na faiba gudu ko iya hawa iska ba, kuma haɗawa da kwancewa suna cin lokaci a kowace fita, amma mutum biyu suna iya sauka da su ta siririyar matakalar da Hobie 16 ba zai taɓa bi ba.